KAFAƊAR DA TA RIGA HANNU

Shafi na 41

Masu cika min waya da saƙo cewa na bar Ilenia tana kuka a filin jirgi na tafi sabgogina, na ji, ku yi haƙuri. Ke kuma baiwar Allah da kika rubuto cewa Malam Oreste ya fi ubanki kirki, wannan shafin naki ne, na ba ki kyauta.

*

Ta ƙofar kicin Ilenia ta shiga, don ba ta jin za ta iya ratsa taron da ke gaba. Tun daga kwanar titi ta hango ƙyallen da aka rataya a saman gidan abincin yayarta: hoton Nives tana cizon lambar tagulla, an rubuta a ƙasa wai garinmu ya gode. Garin nan da ya shekara fiye da goma yana liƙa hoton Ilenia a shagon aski da gidan burodi, yau ko mutum ɗaya bai waiwayi motarta ba. Haka mutanenmu suke. Ba mugunta ce da su ba, saurin mantuwa ne, sai dai wanda aka manta da shi ba ya jin bambancin.

Ba wanda bai ga abin a talabijin ba. Wasan ƙarshe na gasar Turai, iyon salo huɗu. Ilenia Marrollo mai shekara talatin, wadda ta yi ta zuwa ta huɗu har 'yan jarida suka laƙaba mata sarauniyar lambar katako, ranar ta taɓa bango ta uku. Ta fizge hula ta ƙwalla ihu, ta rungume Nives Cantagallo da ke layin kusa, 'yar kulob ɗinsu mai shekara sha takwas, wadda ta zo ta huɗu. Ba su saki juna ba sunan Ilenia ya faɗo ƙasan allo. Doka ta ce a ƙarshen iyon rigingine sai hannu ya taɓa bango mutum yana kwance da baya, sannan ya kife ya shiga iyon kwaɗo. Kyamarar ƙarƙashin ruwa ta nuna kafaɗarta ta riga hannunta juyawa. Aka soke ta, lambar ta koma wuyan Nives.

Da jiƙaƙƙen gashi ta tsaya gaban 'yan jarida ta ce kuskurenta ne na rana ɗaya, kocinta Malam Oreste bai taɓa koya mata haka ba, tana neman gafararsa. Tun daga ranar ba ta daina zagin kanta ba.

"Ga 'yar ɓuya," in ji yayarta Doriana, ko ɗagowa ba ta yi daga kan garwashi ba. Tsiren rago ne jere reras, tana juya tsinkayen da hannu ɗaya, ɗayan yana fifita. "Waya a kashe, ƙofa a kulle. Na ce ko kin shiga gidan sistocin coci ne ba ki sallame mu ba."

"Yaya, don Allah."

"Don Allah me? Dubi wuyanki kamar na figaggiyar kaza. Ungo."

"Ba na jin yunwa."

"Ban tambaye ki ba."

Ilenia ta karɓi tsinken. Ba a musu da Doriana a gaban wutarta, ko magajin gari ya san wannan.

Wanda ya ga Doriana yau da ƙunar garwashi a damatsanta ba zai ce ita ta fara shiga ruwa a gidansu ba. Ita ma salo huɗu take yi, a hannun Malam Oreste, tun Ilenia na riƙe mata tawul. A gasar tace waɗanda za su je Olamfik, shekarun baya, gurbi biyu ne kawai. Wata 'yar arewacin ƙasar ta ɗauke na farko, na biyu ya rage tsakanin ya da ƙanwa. Ilenia ta riga ta da tsawon farce. Doriana ta fito daga ruwa ta sumbaci goshin ƙanwarta, ta dawo gida ta karɓi sana'ar gashin nama ta mahaifinsu. Ko da rani, in duk gari ya gangara teku, ita ba ta jiƙa ƙafa.

"Malam ya ce ke za ki rataya wa yarinyar lambar a gaban jama'a," in ji Doriana. "Wai al'adar kulob, babba ke rataya wa ƙarami. Na ce masa wannan rashin tausayi ne, ya ce ke kika amsa."

"Ni na amsa."

"Kina da lafiya kuwa?"

"Zan rataya mata. In ƙara neman gafarar Malam a gaban kowa. Sannan in gaya musu na ajiye hula."

Fifitar ta tsaya cak.

"Kin me?"

"Na gama, Yaya."

"Saboda kuskuren rana ɗaya?"

"Ranar ɗaya ce nake da ita. Shekara nawa mutumin nan yana tashi da asuba dominmu? Na samu damar saka masa, na ɓata da kafaɗata."

Doriana ta ajiye maficin, ta goge hannu a jikin rigar aikinta, ta zo ta tsaya daf da ita.

"Kalle ni nan. Ni na bar ruwa ne don kin fi ni. Kin doke ni da hannunki, tsakani da Allah, ban ji haushi ba ko na minti ɗaya." Ta taɓe baki. "To, ƙarya nake, na ji na shekara biyu cur. Ko hotonki ba na son gani. Amma duk daren da abin ya taso min sai in ce, Doriana, yarinyar nan ta fi ki, ba wanda ya cuce ki, kwanta. Da wannan nake barci har yau. Ke wa ya fi ki da za ki ajiye? Kyamara?"

Ilenia ta share ƙwalla da bayan hannu. Duk duniya ba ta da wanda take jin nauyi kamar wannan matar mai warin hayaƙi.

"Kada ki yi min kuka a kan nama," in ji Doriana, ta koma ga wutarta. "Je ki nemo min amaryar taron. Tun ɗazu ta sulale bayan gida, mutane sai tambayarta suke."

A bayan gida ta same ta, zaune a kan akwatin kwalabe ƙarƙashin itacen ɓaure. Har yanzu gefen kan Nives a aske yake. Ilenia ce da kanta ta aske mata ana dariya a ɗakin otel, kamar yadda manya ke yi wa duk wanda ya fara sa rigar ƙasa. Lambar na cinyarta, ta naɗe igiyar a yatsa har yatsan ya yi ja.

"Tashi, ana jiranki."

Nives ta miƙe zumbur, ta miƙo mata lambar da hannu biyu.

"Anti, ki karɓa. Wallahi ba na so."

"Ke, ban son shirme."

"Taki ce. Kin riga ni, kowa ya gani."

"Kowa ya kuma ga abin da na yi a bango. Kin yi naki daidai, ni na ɓata nawa. Kuskure ne, yana faruwa, ko da sau ɗaya ne a rayuwar mutum."

Nives ta sunkuyar da kai.

"Ba sau ɗaya ba ne."

"Me kika ce?"

"Ba komai."

"Nives."

"Anti, don girman Allah kada ki ce ni na faɗa."

"Ba ki faɗi komai ba tukuna. Ina jinki."

Yarinyar ta fashe da kuka, irin kukan da aka daɗe ana dannewa.

"Ranar da na fara zuwa kulob, komai naki nake kwaikwayo. Yadda kike ɗaure hula, yadda kike buga cinya kafin ki hau dakalin faɗawa ruwa. Juyinki ma na haddace shi tun ina gida, a waya nake kallo. Da na yi shi a gaban Malam sai ya hura usur, ya fito da ni daga ruwa, ya ja ni can wajen ɗakin injin tace ruwa."

"Ya ce me?"

"Ya ce in kwaikwayi komai naki, ban da juyin rigingine. Ya ce juyin nan haramtacce ne, tun kina yarinya haka kike yinsa, duk ranar da aka sa masa ido da gaske sai an soke ki."

Ilenia ta yi dariya. Ita kanta ba ta san daga ina dariyar ta fito ba.

"Kin ji ba daidai ba."

"Ranakun da kike zuwa asibiti a gasa miki kafaɗa, ranakun yake koya min nawa. Ya ce kada in yi shi a gabanki, kada ki lura ya bambanta."

"Yaushe ya gaya miki wannan?"

"Shekara uku ke nan."

"Shekara uku muna layi ɗaya. Muna ɗaki ɗaya a otel. Na aske miki kai da hannuna."

"Na so in faɗa, Anti. Ya ce in na faɗa zan kashe miki zuciya, kuma ba ki da sauran lokacin gyarawa. Da kika tsaya a talabijin kina ba shi haƙuri, sai da na yi amai a banɗaki."

Ilenia ta dafa jikin ɓauren. Haushin da ta ji ba na yarinyar ba ne, ba ma na lambar ba ne. Haushin kalmar nan ne da ta faɗa a gaban duk ƙasa, ina neman gafararsa, shi kuma yana tsaye a bayanta yana share ƙwalla yana gyaɗa kai.

"To ga su nan! 'Ya'yana biyu sun bar ni da magajin gari yana min tarihin kakansa."

Malam Oreste Pelusi ne a bakin ƙofa, da farar rigarsa ta ranar Lahadi, kofin ruwan inabi a hannu. Ko a wurin biki usur ɗinsa na wuya. Ya kalli fuskar Nives, ya kalli ta Ilenia, murmushin ya ragu da rabi.

"Nives, shiga ciki."

Yarinyar ta ajiye lambar a kan akwatin, ta zagaya ta gefen gida da gudu.

"'Yata, lafiya?"

"Malam, tambaya ɗaya zan yi maka. Juyina na rigingine, yaya yake?"

"Haba Ilenia, yau ranar murna ce. Gobe ki zo ofis mu..."

"Yaya yake?"

"Kin yi kuskure a ranar, mun wuce wurin. Na ce na yafe."

"Ka yafe!"

"Rage murya."

"Ka yafe min me? Abin da ka ja yarinya ɗakin injin ka ce kada ta kwaikwaya?"

Ya waiwayi ƙofa. Sannan ya ajiye kofin a kan taga a hankali, ya jawo akwati ya zauna. Ta yi zaton zai musa, ko ya rantse, ko ya yi kuka. Ko ɗaya bai yi ba, muryar da yake ba da lissafin atisaye da ita ya ɗauko.

"Yaran yanzu ba sa riƙe magana."

"Ashe gaskiya ne."

"Gaskiya ne."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ki fara ƙirgen dangi. Ke kika ƙirƙiro abinki, ban koya miki ba. In kina da hutu a jiki, kafaɗar kan tsaya a kan iyaka. In kina bin wata a guje, sai ta tsallake."

"Ka gani ka yi shiru."

"Na gwada gyarawa sau ɗaya, kina sha bakwai. Kin manta lokacin sanyin da kika yi ta zuwa ta ƙarshe, kina kuka a mota kina cewa jikinki ya mutu? Ba jikinki ba ne, juyin na taɓa. Da na ga za ki karye sai na ce ki koma yadda kika saba. Sati biyu kika dawo kina cin kowa."

"Ka ce min abinci ne ba na ci sosai."

"To me zan ce miki?"

"Gaskiya!"

"Gaskiya ba ta kai mutum wasan ƙarshe, 'yata. Iyon kwaɗonki bai taɓa yin kyau ba, kin sani. Juyin nan ke ba ki tazarar da kike rayuwa a kanta. In na cire shi, ke 'yar gasar lardi ce. Da yanzu kina koya wa tsofaffi motsa ƙafa a ruwan ɗumi."

"Kada ka ƙara ce min 'yarka."

"Na kai ki Olamfik sau biyu. Kin ga duniya."

"Ka kai ni in tsaya gaban duniya a kira ni mai maguɗi! Da aka kawo kyamarori, me ya hana ka gaya min?"

"Alƙalin da ke sama kumfa kawai yake gani. Kyamara kuwa, wa zai ɓata lokacinsa yana duba ta huɗu? Shekara da shekaru kina ta huɗu, ba wanda ya dame mu."

"Wato ba ka taɓa zaton zan ci lamba ba."

Ya kawar da kai.

"Ka dube ni, Malam. Duk asubar da kake cewa bana ce shekararmu, ba ka taɓa zato ba?"

"Na yi fata."

"Kuma ko na ci ko an soke ni, lambar gidanka za ta zo. Ka shirya wata a bayana."

"Wannan aikina ne."

Daga cikin gida aka kece da tafi, wani yana gwada lasifika. Sai wani tunani ya shigo wa Ilenia wanda ya fi duk na baya muni. In tana bin wata a guje, kafaɗar ke tsallakewa. A rayuwarta akwai ranar da ta bi wata a guje fiye da kowace rana, kuma ta san wadda ta bi.

"Malam."

"Na'am."

"Ranar tace 'yan Olamfik. Ni da Yaya."

"Bar wannan."

"Ta riga ni isa bango a rigingine, na tuna. Da muka fito daga juyi sai na gan ni a gaba."

"Na ce ki bar shi, Ilenia. Abin da ya wuce..."

"Na tsallake ranar?"

Ya shafa usur ɗin da ke ƙirjinsa.

"Fiye da na Turai."

"Ba alƙali a kan layina?"

"Akwai. Marigayi Gaetano ne, ɗan garin nan, tare muka yi makaranta."

"Bai gani ba?"

"Makaho ma zai gani. Ya fara ɗaga hannu, sai ya waiwayo inda nake zaune."

"Sai me?"

"Sai na girgiza masa kai."

Ilenia ta zauna a ƙasa, a kan tsakuwa, da kayan bikinta.

"Yara biyu duk nawa, gurbi ɗaya," in ji Malam Oreste. "Doriana ta kai iyakarta, ko ta je zagayen farko za a fitar da ita ta dawo. Ke kina tasowa. Wani ne zai zaɓa, na zaɓa. In aka mayar da ni yau, haka zan sake yi."

"Gurbinta ne."

"A takarda, nata ne."

"Ta sumbace ni a goshi, Malam. Ta ɗauki jakata zuwa filin jirgi. Ka tsaya kana kallo."

"Ta samu rayuwa mai kyau. Ga gidan abinci, ga miji, ga yara."

"Ko teku ba ta shiga!"

"To tashi ki gaya mata." Ya nuna ƙofar kicin da haɓa. "Ga ta can. Tun ɗazu kike min ihun gaskiya, gaskiya. Tashi ki kai mata, ki ce Yaya, abin da kike kwantar da kai a kansa ƙarya ne, ban fi ki ba, ƙwace miki aka yi aka ba ni. Tashi mana."

Ilenia ba ta motsa ba. Ni da nake ba ku labarin nan na so a ce ta miƙe, wallahi na so. Amma abin da ya cika mata ido shi ne fuskar Doriana in ta ji, da teburin ranar Lahadi, da 'ya'yan Doriana da ke kiranta gwarzuwarsu, da hannun nan mai ƙuna da ke tura mata abinci ko ba ta so. An ƙwace mata lamba, an ƙwace mata malami. Yayarta kaɗai ta rage, tsoron rasa ta kuma ya fi ƙarfin fushinta.

"Wa ya sani bayan kai?" ta tambaya, muryarta can ƙasa.

"Gaetano yana kabari. Nives juyin kawai ta sani, ba ta san wannan ba."

"To ya tsaya nan."

"Me kika ce?"

"Zan shiga in rataya wa yarinyar lambarta. In ce na ajiye hula. Ba zan ƙara taka ƙofar kulob ɗinka ba, in ka mutu ma ba zan zo coci ba. Amma wannan maganar, kada Yaya ta ji. Har abada kada ta ji."

Malam Oreste ya yi wata 'yar dariya marar daɗi, ya miƙa hannu ya ɗauki kofinsa.

"Kin gani? Ni shekaru na yi ina ɗauke da shi, kina kirana azzalumi. Ke ko minti biyar ba ki yi ba kin zo inda nake."

"Ni ba irinka ba ce."

"Haka ni ma na ce a ranar. Don kada a ji ciwo ne."

Sai suka ji ƙarar faranti a kan dakalin ƙofa. Ba faɗuwa ya yi ba, ajiye shi aka yi.

Doriana ce tsaye. Tsiren da ta kawo musu yana ta hayaƙi a gefen ƙafarta. Ba wanda ya san tun yaushe take wurin, amma fuskarta ta nuna ba yanzu ta zo ba.

Malam Oreste ya miƙe har yana zubar da abin kofinsa a farar rigar.

"Doriana, 'yata, bari in yi miki bayani..."

"Zauna, Oreste."

Tunda take ba ta taɓa kiran sunansa gatsal ba. Ya koma ya zauna.

Ko kallonsa ba ta ƙara yi ba. Ƙanwarta ta zuba wa ido, wadda ke zaune a tsakuwa ta kasa tashi.

"Shi na ji nasa. Tsoho ne marar tsoron Allah, zan san yadda zan yi da shi." Muryarta ba ta rawa ko kaɗan. "Ke kuma a lokacin ba ki sani ba. Ina tsaye a nan ina ce wa kaina, yarinyar nan ba ta da laifi, yanzu za ta taso ta zo ta same ni. Ina jiranki, Ilenia. Har na matsa don ki samu hanya."

"Yaya..."

"Sai na ji kin ce me?"

"Don kada ki ji ciwo ne, wallahi, don..."

"Maimaita min abin da kika ce."



"Da kin shigo yanzu kin ci abincina," in ji Doriana. "Lahadi mai zuwa ma ki zo ki ci. In riƙa gaya miki kin fi ni, kina gyaɗa kai. Har mu tsufa."

"Yaya, ki tsaya ki ji ni."

Doriana ta kwance igiyar rigar aikinta, ta cire ta, ta ninke ta tsaf ta ɗora a kan taga. Ta juya ta shige ciki.

Ilenia ta yunƙura ta bi ta da gudu. Ta ratsa kicin, naman da aka bari a wuta ya fara ƙonewa, ba wanda ya kula. Kafin ta kai ƙofar zauren ta ji muryar magajin gari ta yanke a tsakiyar magana, lasifika ta yi ƙara, surutun mutane ya ɗauke.

"Jama'a, kowa ya ajiye tsinkensa," in ji muryar Doriana. "Kun zo bikin lamba ɗaya. Ni kuma zan gaya muku yadda ake samun gurbi a kulob ɗin nan, kuma ƙanwata ce za ta zo nan ta tsaya ta zama shaidata."

Kawunan mutanen gari gaba ɗaya suka juyo ƙofar kicin, inda Ilenia take tsaye.